Yadda Ake Tsara Magudanan Ruwan Sama da Bututun Ƙazanta a Garin da Ke Bunƙasa a Gefen Birni

Wannan tambaya ta sha zuwa daga ma'aikatan tsara gari, da masu yanka filaye, da shugabannin unguwanni: gari yana ta faɗaɗa a gefen babban birni, gonaki suna komawa fuloti, to ta ina ake fara tsara hanyar ruwan sama da ta ƙazanta, kuma me ke bin me? Daga ƙasa ake farawa, wato daga inda ruwan zai ƙare, a riƙa haurowa har ƙofar gida. Lambatun da ruwa ya tsaya cik a cikinsa da bututun da ke amai a tsakiyar titi, galibi juya wannan jeri ne ya haife su: an fara da layin da aka fi ƙorafi a kansa, an gina, sannan aka shiga neman inda za a zubar.

Alƙaluman da ke tafe su ne waɗanda injiniyoyi suka saba aiki da su. Inda dokar gini ta wurinku ta yanke nata, nata za a bi.

1. Awon tudu da kwari

Kafin a ja layi ko ɗaya, a sa masu safiyo su fitar da taswirar tudu da kwari ta garin gaba ɗaya, har da filayen da ba a gina ba tukuna amma ruwansu yana gangarowa cikin gari. Layukan tsayi su kasance a tazarar mita 1, in wurin shimfiɗaɗɗe ne kuwa rabin mita. A kafa turakun kankare masu lamba, a auna tsayinsu duka daga tushe guda, domin duk ɗan kwangilar da zai zo daga baya ya ɗauki awonsa daga nan.

A kan taswirar, a zagaye kowane yanki da ruwansa ke taruwa wuri guda. Waɗannan su ne iyakokin aikin. Iyakar gunduma ko ta unguwa ba ta da amfani a nan, don ruwa gangare yake bi.

Sai a haɗa da abubuwa uku. Na farko ramukan gwaji, don a san irin ƙasar, da inda dutse yake, da zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙarshen damina, lokacin da ya fi haurowa. Na biyu, inda bututun ruwan sha da wayoyin lantarki da na sadarwa suke binne. Na uku, shaidar ambaliyar baya: tabon ruwa a jikin bango da ƙafar gada, da bakin waɗanda suka daɗe a wurin. Duk inda aka nuna, a auna tsayinsa a rubuta.

Hattara: kada a zana bututu da tsayin da aka samo daga taswirar tauraron ɗan'adam ta kyauta. Kuskurenta yakan kai mitoci, alhali bututun ƙazanta santimita 40 kacal yake sauka a cikin mita 100.

2. Killace filayen da aikin zai ci

Wannan mataki ya fi kowanne araha idan an yi shi da wuri, ya kuma fi kowanne tsada idan an makara. Tun ran gini, tun ran zane. Da taswira a hannu, a fitar da filin matatar ƙazanta a ƙasan gari, da filayen tafkunan tare ruwan sama, da gaɓar kowane rafi da kwazazzabo, da hanyar da manyan bututu za su bi. A sa su cikin tsarin gari da ƙarfin doka, a kafa musu alama a fili. Hanyar bututun da ta ratsa filin wani tana buƙatar faɗin kusan mita 6 wanda ba za a yi gini a kai ba, don motar haƙa ta samu shiga ranar gyara.

Hattara: rafin da ke bushewa da rani yana nan a matsayinsa na rafi. Idan aka yanka shi fuloti, ruwan zai dawo hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane, kuma diyyar rushe gida ta ninka ta gona nesa ba kusa ba.

3. Raba ruwa biyu

Ruwan sama da ruwan ƙazanta kowanne da hanyarsa. A sabon gari babu dalilin haɗa su a bututu guda, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka. Ɗauki unguwa mai hekta 10 da mutum 1,000. Ƙazantarta a sa'ar da ta fi yawa ba ta wuce lita 4 zuwa 5 a sakan. Ruwan sama mai ƙarfin milimita 80 a awa kuwa zai iya fitar da sama da lita 1,300 a sakan daga wannan unguwa, wato ninki kusan 300. Bututun da zai ɗauki na biyun ya yi wa na farkon girma ƙwarai, da rani ƙazanta ta kwanta a cikinsa ta ruɓe, da damina kuma ruwa ya fi ƙarfin matata a saki komai ɗanye cikin kogi.

Hattara: rufin gida mai murabba'in mita 100 yana zubo lita 2.2 a sakan a irin wancan ruwan. Bututun ƙazanta mai faɗin milimita 200 lita 21 yake ɗauka a sakan. Gidaje goma da suka jona indararonsu a ciki sun cika bututun unguwa guda. A haramta wannan a rubuce, a kuma duba kowane gida kafin a ba shi izinin jonawa.

4. Lissafin ruwan ƙazanta

A fara da yawan jama'a na nan gaba. Garin da ke da mutum 11,000 yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, zai kai kusan 20,000 a shekara 20. Garuruwan gefen birni sukan zarce irin wannan hasashe, don haka ga manyan bututu a ƙirga adadin fuloti, a ninka da mutanen da kowane fuloti zai ɗauka idan gari ya cika, a yi aiki da adadin da ya fi yawa.

Daga nan:

Ruwan da mutum ke amfani da shi a rana, daga littafin hukumar ruwa. A misalinmu, lita 120.

Kashi 80 cikin 100 na wannan ne ke dawowa bututu, sauran ya tafi a ban ruwan shuka da wankin mota. Saura lita 96.

Mutum 20,000 sau lita 96 ya ba da lita miliyan 1.92 a rana, wato lita 22 a sakan.

Amma ruwan ba ya zuwa daidai da daidai. Da safe kowa na wanka lokaci guda. Ana ninka matsakaicin da wani adadi da ke raguwa yayin da jama'a ke ƙaruwa. A ƙa'idar Harmon, wato lissafin da ake fitar da wannan adadi da shi, mutum 1,000 ana ninkawa da 3.8, mutum 20,000 kuwa da 2.65. Namu ya zama lita 59 a sakan.

Sai a ƙara ruwan ƙasa da zai riƙa tsiyayowa ta mahaɗar bututu da murfin rijiyoyin duba, wato ramukan da ake shiga duba bututu. Komai kyan aiki sai ya shigo. Idan aka ba shi lita 10, jimla ta kusa lita 70 a sakan. Asibiti, makarantar kwana, kasuwa, mayanka da masana'anta kowanne a lissafa shi daban, a ɗora a kan layin da yake.

5. Wace unguwa ke buƙatar bututu

Ba kowace unguwa ce za a shimfiɗa wa bututu ba. Inda fuloti ke da faɗi, ƙasa tana shan ruwa, ruwan ƙasa kuma yana da zurfi, tankin masai da sokawe sun wadatar, muddin sokawen ya nisanci rijiya da mita 30, kuma an tanadi motocin kwasa da wurin da za su juye a matata. Inda gidaje suka cushe, ko ƙasar laka ce, ko ruwan ƙasa yana kusa, sokawe ba ya aiki, sai bututu.

Akwai hanya ta tsakiya da ta cancanci a duba ta da kyau. An ɓullo da ita a Burazil a farkon shekarun 1980: bututu mai milimita 100, a zurfi kaɗan, yana bi ta bayan gidaje ko ta gefen hanya inda mota ba ta taka shi, da saukar mita 1 a cikin 200, ya tattara ƙazantar rukunin gidaje ya kai ta babban layi a wuri guda. Haƙa ta ragu, kuɗi ya ragu sosai. Sharaɗinta shi ne mazauna su amince tun farko, a kuma san wanda zai buɗe ta idan ta toshe.

Hattara: bututun ƙazanta ruwa ne ke tafiyar da shi. Unguwar da famfo bai shiga gidajenta ba, ana sayen ruwa jarka-jarka, bututu zai toshe mata cikin ɗan lokaci. A kai ruwan sha tukuna.

6. Zanen bututun ƙazanta

A sa alƙalami a bakin matata, a tsayin da ruwa zai shiga, a hauro da babban layi ta bin kwari, sannan rassa su bi tituna. Kowane layi a zana shi a tsaye, a ga saman ƙasa da cikin bututu tare, don a nan ne ake gane inda rami zai yi zurfi fiye da kima.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce gudun ruwa. Kada ya gaza mita 0.6 a sakan idan bututu ya cika, don a nan ne yake iya wanke kansa. Kada kuma ya wuce mita 3, don yashi zai cinye bututun. Mafi ƙarancin gangaren da ke ba da wannan gudu, da abin da bututun ke ɗauka a kansa:

Milimita 200: saukar santimita 40 a mita 100, lita 21 a sakan.
Milimita 300: santimita 22, lita 45.
Milimita 375: santimita 15, lita 68.
Milimita 450: santimita 12, lita 99.

A misalinmu na lita 70, mai 375 zai cika maƙil, don haka mai 450 za a ɗauka, a bar sarari a sama iska ta riƙa wucewa. Bututun titi kada ya gaza milimita 200 a tsarin da aka saba. Na gida milimita 100 ne, da saukar santimita 2 a kowace mita.

Hattara: akwai dabarar da ake yi ta ƙara girman bututu don a samu damar rage gangare. Ba ta aiki. Ƙaramin ruwa a babban bututu rarrafe yake yi. Ƙazanta ta kwanta, iska ta ƙare mata, ta fara fitar da haidurojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayoyin halitta da ke manne a rufin bututu su mayar da ita asid, asid ɗin ya ci kankare daga sama har titi ya rufta. Zafi yana hanzarta wannan, shi ya sa a wuri mai zafi a ba farkon kowane layi gangare fiye da mafi ƙaranci, kuma a fifita bututun roba irin PVC, ko kankaren da aka yi wa rufi ta ciki.

Rijiyar duba, wato ramin nan mai murfin ƙarfe, ana sa ta a duk inda layi ya karya kwana, ko ya canza gangare ko girma, ko layi biyu suka haɗu, da kuma ƙarshen layi. A miƙaƙƙen layi kada tazara ta wuce mita 120 ga ƙananan bututu, mita 150 ga masu 450 zuwa sama. Faɗin cikinta mita 1.2. Tsakanin rijiya da rijiya bututu ya tafi sak, ba lanƙwasa. Idan reshe ya shigo sama da gindin rijiya da fiye da santimita 60, a yi masa bututun sauka ta gefe, kada a bar shi yana kwarara kan mai aiki. Inda girma ya canza, rufin bututun biyu ake daidaitawa, kuma ba a taɓa rage girma ta wajen gangare.

A ƙarƙashin titi ƙasar da ke kan bututu ta kai mita 1 zuwa 1.2. Tsakaninsa da bututun ruwan sha a bar mita 3 a kwance. Inda suka gitta juna, na ruwan sha ya bi ta sama da tazarar santimita 45. Wannan ba abin sassauci ba ne, musamman a garin da ruwan famfo ke ɗaukewa, domin bututun da ya wofinta yana zuƙo abin da ke kewaye da shi.

7. Tashar famfo, idan babu makawa

Idan rami ya fara wuce mita 5 zuwa 6, ko wani kwari ba shi da hanyar gangarawa matata, sai an ɗaga ruwan da famfo. Kowace tasha nauyi ce ta har abada, don haka a sake juya zanen sau biyu, sau uku, ko za a rabu da ita. Idan ta zama dole: famfo biyu aƙalla, kowanne yana iya ɗaukar dukkan ruwan shi kaɗai, janareta, ragar tare shara a mashiga, ramin tara ruwa da ƙazanta ba za ta wuce minti 30 a ciki ba, bawul ɗin sakin iska a kowane tudu na bututun turawa, gudun ruwa a cikinsa kusan mita 1 a sakan. Allon lantarki a ɗaga shi sama da inda ambaliya ke kaiwa.

8. Hanyar ruwan sama

Ga yanki da bai wuce hekta 80 ba, lissafin mai sauƙi ne. A ninka abu uku, a raba da 360: kason ruwan da ke gudu bai nitse ba, da ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa, da faɗin yanki a hekta. Amsar tana fitowa a mita kubik cikin sakan, kowace mita kubik lita 1,000 ce. Kason rufi da kwalta yana tsakanin 0.7 da 0.95, na unguwar gidaje masu fili 0.3 zuwa 0.5, na filin ciyawa mai yashi 0.05 zuwa 0.2. Yankin da ya fi haka girma sai an yi masa lissafi da kwamfuta.

Ƙarfin ruwan sama daga hukumar yanayi ake samo shi, kuma ya danganta da abu biyu: tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka daga ƙarshen yanki zuwa mafita, da irin ruwan da ake son magudana ta ɗauka. Lambatun unguwa ana yi masa lissafi da ruwan shekara 2 zuwa 10. Ruwan shekara 10 ba ya nufin sai an jira shekara goma. Yana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 ya sauka.

Koma kan hekta 10 ɗin nan. Tana gona, kasonta 0.2, tana fitar da lita 440 a sakan. Da aka gina ta aka malale tsakar gidaje da siminti, kason ya kai 0.6, ruwan ya zama lita 1,330. Ninki uku, kuma duk a kan unguwar da ke ƙasa zai sauka.

Hattara: a yi lissafi da kason garin da ya cika da gini. Wanda ya yi da na yau, lambatunsa zai yi kaɗan kafin a gama biyan kuɗinsa.

Maganin wannan ƙari shi ne a sa doka: duk wanda zai gina sabuwar unguwa, ruwan da zai saki kada ya wuce wanda filin ke saki kafin gini. Sauran ya tare shi a tafki mai ƙaramar mafita. Tafkin yana buƙatar ƙofar ambaliya a sama, da tazarar santimita 30 tsakanin ruwa da bakin ganuwa, da gefe mai saukin hawa don yaro ya iya fita, da hanyar da mota za ta shiga kwashe yashi. Ya tsiyaye cikin awa 72, kafin sauro ya ƙyanƙyashe. Inda ƙasa ke shan ruwa, ramukan tsakuwa da kwarin ciyawa a gefen titi suna rage nauyi sosai, in dai gindinsu ya fi ruwan ƙasa tsayi da mita 1.

Magudana buɗaɗɗiya ta fi sauƙin yasa, amma tana jawo shara. Rufaffiya ta fi tsabta, amma toshewarta ba ta ganuwa sai ran ruwa. A zaɓa gwargwadon ma'aikata da kayan aikin da hukuma ke da su. Ko wacce ce, gudun ruwa ya kai mita 0.9 a sakan saboda yashi, a kuma sa ramin tare yashi a inda hanyar ƙasa ke zubowa. Kwalbati kada ya gaza milimita 600, in da hali 900, don a iya yashe shi. A mafita a jera manyan duwatsu, in ba haka ba zaizaya za ta fara daga nan ta riƙa cin magudanar da baya-baya. A tabbata kuma gindin mafitar ya fi ruwan kogi tsayi lokacin cikarsa.

Abin da aka fi mantawa: wata rana ruwan da ya fi ƙarfin lambatu zai sauka. A zana masa hanya tun yanzu da lissafin ruwan shekara 100. Titi ya zama shi ne kwarin, yana kaiwa rafi ba tare da ya dunƙule a wani lungu ba, daɓen gidaje kuma ya fi wannan ruwa tsayi da santimita 30. Titin da ake ta ɗora masa kwalta har ya fi ƙofar gidaje tsayi ya juya wannan tsari kenan.

9. Matatar ƙazanta

Zaɓin yana tsakanin fili da lantarki. Injinan hura iska suna cin ƙaramin fili, amma hura iskar kaɗai takan cinye kusan rabin wutar matata, kuma suna son ƙwararru dare da rana. Tafkunan tacewa suna cin fili, amma rana da ƙwayoyin halitta ne ke aikin. Garin gefen birni da ya killace fili da wuri, kuma yanayinsa na da ɗumi, tafkuna sun fi masa.

Ƙarfin ƙazanta ana auna shi da ma'aunin BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke buƙata don ruɓar da ita. Mutum guda yana fitar da giram 40 zuwa 60 a rana. Idan aka ɗauki 45, mutum 20,000 suna ba da kilo 900. A wurin da matsakaicin zafin watan da ya fi sanyi digiri 20 ne, ga jerin: raga da ramin yashi a gaba, sai tafki mai zurfin mita 2 zuwa 5 wanda ke aiki ba iska, mai ɗaukar mita kubik 3,000, yana cire kashi 60 cikin 100 na BOD, sai tafki mai zurfin mita 1.5 da faɗin kusan hekta 1.5, inda gansakuka ke samar da iska. Sai tafkuna marasa zurfi da ke kashe ƙwayoyin cuta. Da ganuwa da hanyoyi, a tanadi hekta 3 zuwa 4, a ƙara filin faɗaɗawa, a nisanci gidaje da mita 400. A yi layi biyu a jere, don a iya rufe ɗaya a kwashe dagwalon da ya taru ɗayan na aiki. A shafe gindin da laka mai kauri ko leda ta musamman don kada ya tsiyaye cikin rijiyoyi.

Hattara: gidajen abinci su sa akwatin tare maiƙo, garejin motoci su sa na baƙin mai, masana'antu su tace nasu kafin su sako. Guba ta yini ɗaya tana iya kashe tafkin da zai ɗauki makonni kafin ya farfaɗo.

10. Kuɗi da jerin gini

Mutane sukan ɗauka matata ce ke cin kuɗi. Bututu ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma a cikin kuɗin bututu, haƙa da tokare rami da zuƙe ruwa da gyaran titi sun fi bututun kansa. Saboda haka duk rabin mitar zurfi da aka rage a babban layi riba ce, kuma shimfiɗa bututu kafin a zuba kwalta ya fi fasa ta daga baya. A bar rassan jonawa har bakin kowane fuloti, a toshe su, a sa alama.

A kwatanta zaɓuɓɓuka da kuɗin shekara 20 zuwa 30, har da lantarki da albashi da sauya famfo, wanda ransa shekara 15 zuwa 20 ne. A matakin tsari a ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da ba a hanga ba. Manyan bututu a yi su da girman cikakken gari tun farko, matata kuwa a gina ta kashi-kashi.

Jerin gini: mafita da matata, babban layi, rassa, sannan gidaje. Kuɗin jona gida ya shiga cikin kasafi, ko a rarraba wa mai gida biyansa a hankali. Layin da aka gama amma gidaje ba su jona ba ba shi da ruwan wanke kansa, ba shi kuma da mai biyan kuɗin kula da shi.

11. Haƙa, shimfiɗawa da gwaji

Ana shimfiɗa bututu daga gangare zuwa tudu, bakin da ke da kofi yana fuskantar tudu. A zuba tsakuwa ƙanana ko yashi mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a gindi, a cusa su da kyau ta gefen bututu, a rufe da ƙasa marar dutse har santimita 30 a kansa, sannan a cike sauran hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20, ana daddaɓewa. Tsayin kowane bututu a duba shi da na'ura kafin a rufe. Mahaɗa ta zama mai zoben roba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka saiwar itace da ruwan ƙasa suke da mahaɗar da aka yi wa sakaci.

Hattara: ramin da ya kai mita 1.5 sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi. Mita kubik ɗaya ta ƙasa ta kai tan ɗaya da rabi, kuma ruftawa ba ta sallama. Ƙasar da aka haƙo ta nisanci baki da santimita 60, tsani kuma ya kasance kusa da kowane lebura.

Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwaji huɗu: na iska ko ruwa don gano yoyo, na haske ko kyamara don ganin layi ya miƙe ba inda ruwa ke kwanciya, na jan ma'auni ta cikin bututun roba bayan kwana 30 da rufewa don tabbatar da bai lotse fiye da kashi 5 cikin 100 ba, da na rijiyoyin duba. A karɓi taswirar abin da aka gina a zahiri, da tsayin gindin kowace rijiya, domin ta kan bambanta da zanen farko.

12. Miƙa aiki ga masu kula

Tun kafin a buɗe layi a san hukumar da ke da shi, da kasafinta, da ma'aikatanta. Kayan farko su ne motar wanke bututu da ruwa mai ƙarfi, sandunan zura, kyamara, da murafan ajiya. Magudanan ruwan sama a yashe su kafin damina, a kuma kwashe abin da aka fitar a ranar, don in an bar shi a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi. Layukan da gangarensu ya yi ƙaranci da na kusa da gidajen abinci a sa su cikin jadawalin wanki na musamman. Duk toshewa a rubuta wurinta da dalilinta, bayan shekara biyu wannan littafi zai nuna inda ya kamata kuɗin gyara ya tafi.

Hattara: babu mai shiga rijiyar duba sai an auna iskar ciki da na'ura, an hura sabuwa, an ɗaura masa igiyar ceto, mutum biyu kuma suna tsaye a sama. Haidurojin salfaid idan ta yi yawa tana kashe jin wari, don haka rashin wari ba shaidar lafiya ba ce. Idan na ciki ya faɗi, a jawo shi da igiya, kada kowa ya bi shi ciki ba tare da na'urar numfashi ba.